Kamfanin Inna Batulu

Ranar da masu haraji suka zo Kwandiko, Inna Batulu tana tsakiyar niƙa dawar matar liman, gari ya yi mata fari fat har gira. Ni ce ta biyu a layi da ƙwaryar masarata, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a kan idona aka yi shi. Sunana Kubra. Katangarmu ɗaya da gidan Malam Salihu, mijin Inna, kuma ina koyarwa a firamaren garin, shi ya sa duk takardar da ta shigo unguwar nan sai ta bi ta hannuna.

Maza biyu ne suka sauko daga mota, sai ɗan sanda ɗaya da ya tsaya gefe yana cin gyaɗa. Babban cikinsu ya yi sallama, ƙarar inji ta haɗiye ta, sai da Inna ta kashe sannan aka ji juna. Ya tambaya ko nan ne ofishin Kamfanin Batulu Mai Ruwa. Matan da ke layi suka kwashe da dariya, don abin da ke gabansa rumfar kwano ce da aka jingina da katangar zaure, da injin niƙa ɗaya, da durom ɗin ruwa, da bencin da aka tokare ƙafarsa da dutse. Ya ce shugabar kamfanin yake nema. Inna ta goge fuska da bakin mayafi, ta ce in Batulu ake nema ga ta, amma shugabanci kam ko na adashi ba ta taɓa yi ba.

Mutumin bai yi dariya ba, kuma bai yi faɗa ba. Ya ce shekaru ke nan kuɗin kwangila suna shigowa daga Chadi da Nijar cikin asusun wannan kamfani, ba a taɓa zuwa an bayyana su ba, ballantana a biya abin da ke kansu. An aiko da takarda, an sake aikowa, shiru. Yanzu kotu ta ba su izinin rufe wurin har sai mai shi ta je Birnin Kudu. Suka bar mu muka kwashe hatsinmu, matar liman ta tafi da dawarta rabi gari rabi tsaba. Suka ja ƙyauren kwano, suka danna kwaɗo, suka liƙa farar takarda a jiki. Inna ta tsaya da buhun da take kare bakin injin da shi a hannu, tana kallon kwaɗon.

Kowa a wurin ya san inda maganar ta dosa. Haladu, ɗan farin Inna, shi ke fita ƙasashen nan yana haƙa rijiyar burtsatse da haɗa mata sola, ya yi wata biyu ko uku ya dawo. A nan gida kuwa ma'aikacin gwamnati ne, kuma ma'aikaci ba shi da izinin buɗe kamfani. To da ya tashi sai ya ɗauki uwarsa a mota zuwa Gwaram, aka yi mata hoto, ta dangwala yatsa a wurare, aka ce mata albarkarta ake so ta bi aikin. Har barka muka je yi mata lokacin, muna cewa wace uwa ce ta yi dacen ɗan da zai sa wa kamfani sunanta. Katin cire kuɗi da layin wayar da saƙon banki ke shiga suna aljihun Khuzaima, ƙanin Haladu, wanda ya ajiye noma tun da harkar ta buɗe, ya koma zaman majalisa da sabon babur. Takardun da aka ce an aiko ma ashe a hannunsa suka tsaya.

Akwai abin da baƙo ba zai gane ba sai an faɗa masa. Mutanen gidan nan Fulani ne na asali. Fulatancin ya bi shanu ya tafi, abin da ya rage musu shi ne kunya. Tun da Inna ta haifi Haladu ba ta taɓa kama sunansa ba. Kakarsa ce ta goye shi, don haka in ya zama dole ta ambace shi sai ta ce "na Goggo". Ko Haladu mai shayin bakin tasha ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce mai sunan wancan. In ya shigo gaishe ta, bango take kallo ta amsa a gajarce. Mu 'yan baya muna yi mata tsiya a kan haka, ita kuwa a wurinta mutunci ne da ba a tattaunawa a kai.

Injin kuma shi ne rayuwarta. Karsanar da ta gada a wurin babanta ta sayar ta saye shi, da kanta take tayar da shi, da kanta take zuba masa mai. A cikinsa take sabulu, da maganin hawan jini, da gudunmawar biki, da goron da take miƙa wa Malam in an yi baƙi. Tun da na san ta ban taɓa ganin ta miƙa hannu a gaban wani ba.

Ni na raka ta Birnin Kudu, don Malam ya ce ƙafarsa na ciwo, Khuzaima kuma babu mai a babur. Jami'in da muka samu, Malam Abdulsalami, mutum ne mai sanyin magana. Ya ba Inna kujera, ta ƙi, ta zauna a ƙasa. Ya tambaye ta ko ta taɓa zuwa Chadi. Ta ce iyakarta Kano, shi ma gaisuwar mutuwa ce ta kai ta. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya saba jin haka, ya juyo wurina ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce mutumin da gidansa da iyalinsa suke nan, ya fita 'yan watanni ya dawo, doka mazaunin nan ta ɗauke shi, duk inda ya samo abu dole ya zo ya bayyana. In an cire masa wani abu a can, ya kawo shaida a duba, a rage masa abin da ya halatta. Tunda ba wanda ya zo, su suka yi ƙiyasi da kansu, tara kuma ta hau kai. Da ya faɗi abin da ake bin ta, ban fassara wa Inna ba, don ba ta da wurin ajiye shi a kanta.

"Inna, na san ba ke ce kike haƙa rijiya ba," in ji shi. "Wa ke fita?"

Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Na jira, na ga shirun ba mai ƙarewa ba ne, sai na faɗi sunan da kaina. Ya ce ya ji, amma maganata ba ta da amfani a wurinsa. Ko dai mai fitar ya zo da ƙafarsa da shaidarsa ya ce nasa ne, ko kuma ita da sunanta ke kan komai ta faɗa da bakinta wanda ya yi amfani da ita, a rubuta, ta yi rantsuwa a kai. In ba ɗayan biyun nan, kamfani nata ne, haraji nata ne.

Daga nan muka wuce sabon gidan Haladu a bayan gari, mai ƙofar ƙarfe da tankin ruwa a sama. Matarsa Munawwara ta durƙusa har ƙasa ta gaishe da Inna, ta kawo shinkafa da lemo mai sanyi. Da na faɗa mata abin da ya kawo mu, ta ce wallahi ita ba ta shiga harkar maza, ko nawa yake samu ba ta sani ba. Ta faɗi haka awarwaron zinare na kaɗawa a hannunta. Na matsa mata ta kira shi, ya ɗauka, ga fuskarsa a waya, ya yi ƙiba, bayansa wata mota ce ta haƙa. Inna na jin muryarsa ta juya ta fuskanci bango, ya zama ni ce tsani a tsakaninsu, uwa da ɗa a ɗaki ɗaya.

"Kubra, ke mai ilimi ce, ki gane," ya ce. "An riga an yanke min a nan kafin kuɗin su fito. Rago ɗaya ake yankawa sau biyu?"

"To ka aiko da shaidar yankan, Yaya Haladu. Ita kawai suke nema."

Ya rage murya. Ya ce shaidar sunansa ne a kai da lambar fasfonsa. Ranar da ta shiga wannan ofishi, ranar za a san ma'aikacin gwamnati ne ke kwangila a waje, aiki ya tafi, fansho ya bi shi. Ya ce in ya faɗi ba shi kaɗai ya faɗi ba, wa ke sayen takin gidan, wa ya yi wa Baba rufin kwano, wa ke biyan makarantar jikoki. Ya ce yana da wani mutum a sama da zai kashe maganar, a ba shi zuwa ƙarshen wata. Ya ce in ba Inna haƙuri. Na juya na ce Inna kin ji. Ba ta waiwayo ba.

"Ki ce wa na Goggo Allah ya tsare hanya," ta ce.

Ƙarshen wata ya zo ya wuce, wani ya bi bayansa. Mata suka koma kai niƙa wurin Hadi a bakin kasuwa, don tuwo ba ya jiran shari'a. Inna da ta yi shekaru tana niƙa wa rabin gari ta janyo tsohon turmi daga bayan rumbu. Ta katanga nake jin dakanta, ta buga kaɗan ta tsaya ta huta, ta sake ɗauka. Tafin hannunta ya yi kanta ya fashe. Na ce ta riƙa ba ni in haɗa da nawa in kai, ta ce a'a, motsa jiki ne. Maganinta ya ƙare. Ranar da na ji ta tsaya a ƙofar ɗakin Malam tana kame-kame kafin ta iya cewa sabulu ya ƙare, sai da na shiga ɗaki na rufe ƙofa, don ban so ta san na ji. Malam ya ce ta jira Khuzaima ya dawo.

Da talaucin ne kaɗai da sauƙi. Labari ya zaga gari cewa an samu miliyoyi a asusun Batulu mai inji. Waɗanda suka san gaskiya suka yi gum, don Haladu na yi musu alheri, waɗanda ba su sani ba suka ɗauka suka ƙara gishiri. Aka fara ce mata Hajiya mai kamfani, ana ƙunshe dariya. Wata 'yar ɗakinsu ta taso tun daga Kiyako neman taimakon aikin ido, da Inna ta ce ba ta da shi, matar ta tafi tana cewa dama mai abu shi ya fi kowa iya kukan babu. Abin da ya fi ƙona ta shi ne saƙon da wani malamin unguwa ya aiko ta bakin matarsa, wai yana yi mata nasiha ta ji tsoron Allah ta riƙa fitar da zakka. Inna fa, matar da ba ta taɓa barin ko mudu ɗaya na haƙƙin wani ya kwana a rumfarta ba. Ranar ta yi kuka a gabana, ba ta ɓoye ba, ta ce ita ba ta san me za ta ce wa Allah ba a kan dukiyar da ba ta taɓa gani ba.

Sai damina ta sauka. Rufin rumfar dama yana yoyo daidai kan injin, duk shekara da buhu da tsohuwar leda take lulluɓe shi in hadari ya taso. Bana kwaɗo ya shiga tsakaninsu. Akwai wata 'yar ɓula a jikin kwanon, inda ƙusa ta fita, nan take kafa ido bayan kowane ruwa. Wata safiya ta kira ni ta ce in duba mata, idonta ba ya gani sosai. Na leƙa. Ruwa ya kwanta a bakin da ake zuba hatsi, tsatsa ta fara ja a jikin ƙarfe, ɓeraye sun ci gefen bel. Na ce mata da sauƙi. Ta dube ni ta ce, 'yar nan, warin tsatsa har nan waje nake jin sa. Da la'asar na gan ta tsaye a kan turmi, tsohuwa mai jikoki, tana ƙoƙarin wurga leda saman rufin tana danne ta da duwatsu, Khuzaima na zaune a kan babur a ƙofar gida yana danna waya.

Ni na aika wa 'yarta Ummussalma da ke aure a Fagam. Ta zo da zafinta, ta tara su a tsakar gida, ni ma ta ce in zauna tunda ni na ji bayanin jami'in. Ta ce ko dai Yaya ya dawo ya ɗauki kayansa, ko Inna ta je ta faɗi gaskiya. Malam Salihu ya gyara zama a kan buzu ya ce ta bi a hankali, hannu ba ya ruɓewa a yanke a yar. Ya ce gwamnati ai ba ta ɗaure tsohuwa, iyaka su yi ta zuwa su gaji. Da namiji ne da tuni yana gidan yari, ita kuwa me aka yi mata, rumfa ce kawai aka rufe, dama shekarunta sun kai ta huta da hayaƙin nan. Ya ce duk abin da ya samu bawa rubutacce ne. Na lura rubutun nan a kan Inna kaɗai yake sauka, bai taɓa ɗiga a kan rufin kwanonsa ba.

Ummussalma ta ce to me ya sa tun farko bai sa sunan Khuzaima ba, ko na matarsa. Khuzaima ya yi dariya, irin ta wanda zai faɗi abin yabo.

"Ai an yi wannan shawarar," ya ce. "Yaya ya ce ni in aka matsa min zan yi magana, mace kuma yau taka ce gobe ta wani. Amma Inna, ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta kama sunansa ba. Ya ce ba bankin da ya kai bakin Inna tsaro."

Ya faɗa yana kallonta, yana jiran ta ji daɗi. Inna tana tsince wake a faifai. Hannunta ya tsaya. Ba ta ɗago ba, ta daɗe a haka kafin ta ci gaba da tsinta, sai na ga tana zubar da mai kyau tana mayar da tsakuwa. Ni kuwa raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Da kuskure ne ya ja mata, da na ce ɗan kuka ne mai ja wa uwarsa jifa, bai sani ba. Wannan kuwa zama aka yi, aka duba duk mutanen gidan, aka zaɓi wadda tarbiyyarta ta ɗaure mata baki, aka ɗora mata kayan.

Washegari da hantsi ta leƙo ta katanga ta ce in shirya, za ta koma Birnin Kudu. Na ce za ki faɗa? Ta ce za ta faɗa. Muka tafi mu uku da Ummussalma. Tun daga Gwaram har muka isa bakinta na motsi, ba carbi a hannunta. Na gane gwadawa take yi, sai na kawar da kai ina kallon gonaki.

Malam Abdulsalami ya gane mu. Ya ɗauko biro ya ce ba wani dogon abu ba ne, ta faɗi sunan wanda ya kai ta ta dangwala hannu, sauran aikin nasu ne. Inna ta tambaya, in ta faɗa me zai samu mutumin. Ya ce ba zai yi mata ƙarya ba, za a neme shi, harajin zai koma kansa, kuma ba mamaki maganar ta kai wurin aikinsa. Ita kuwa a buɗe mata rumfarta. Ta ce to. Ta buɗe baki. Gumi ya tsattsafo mata a goshi duk da fankar da ke juyawa. Ummussalma ta riƙe mata hannu tana cewa Inna daure, kalma ɗaya ce. Mai buga takarda a ɗaya teburin ma ya dakata.

"Rubuta cewa kamfanin nawa ne," ta ce.

"Inna, kin san abin da kike ɗauka kuwa?" in ji jami'in.

"Na ɗauki abin da ya fi shi nauyi."

Ya ajiye biron. Daga ƙarshe ya ce abin da zai iya yi mata shi ne a raba biyan kashi-kashi, in ta kawo na farko a cire kwaɗon. Ummussalma ta fita waje tana kuka. A mota, da muka kusa gida, Inna ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, da ta faɗa da wane ido za ta kalli 'ya'yansa in aka kore shi. Na so in ce shi da wane ido yake kallonki, na haɗiye, don ba ta buƙatar ƙarin dutse a kai.

Aka kira Haladu aka faɗa masa an samu sauƙi, kashi na farko kawai ake nema. Ya yi hamdala, ya ce Inna ta gama masa komai, Allah ya bar masa ita. Sai dai kuɗinsa sun maƙale, masu aikin ba su biya ba, kuma ko da sun biya bai kamata a ga kuɗi sun fito daga wurinsa ba, kar a bi sawu. Shi ya kawo shawarar, Malam ya sa mata albarka, Khuzaima ya nemo mai saye. Tunda injin yana zaune ne yana tsatsa, a sayar da shi tun yana da daraja a biya. In ya dawo zai saya mata sabo mai aiki da sola, wanda ba hayaƙi ba wahalar tayarwa. Ba wanda ya tambayi Inna. Malam ne ya faɗa mata bayan an gama ciniki, yana alwala.

Hadi na bakin kasuwa ne ya saya, a farashin wanda ya san ba ka da zaɓi. Ya biya tun kafin ya gani, Khuzaima ya kai kuɗin Birnin Kudu, masu haraji suka zo suka cire kwaɗonsu suka ɓare takardar. Ba su kai ga barin gari ba amalanken Hadi ya tsaya a ƙofar gida. Ƙarti huɗu suka kwance injin daga kan gungumen da yake, suka ɗora. Inna ta fito da tsohon buhun nan ta ce a lulluɓe shi, hadari na haɗowa. Suka karɓa don kunya. Bayan sun tafi ta shiga rumfar ta share ta tas, ta tattara ɗan garin da ya daskare a ƙasa ta zuba wa kaji. An buɗe mata rumfa kamar yadda aka yi alkawari.

Haladu ya dawo gab da Mauludi, da mota cike da tsaraba. Ya kawo wa Malam babbar riga, ya kawo wa Inna turmin atamfa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango kamar kullum, shi kuwa hakan ya yi masa daidai, don wanda ba a kalla ba ba ya sunkuyar da kai. Maganar inji mai sola ta koma sai tafiya ta gaba. Kafin ya koma ya gyara rijiyar masallaci kyauta, liman ya yi masa addu'a a lasifika, ya haɗa da mahaifiyar da ta yi masa tarbiyya. Duk gari aka shafa.

Ina koya wa yara a aji cewa aljanna tana ƙarƙashin ƙafar uwa, suna maimaitawa da ƙarfi. Ban san yadda zan koya musu cewa akwai masu ɗaga ƙafar su ɓoye kayansu a ƙarƙashi ba. A garuruwanmu yanzu ba a rasa tsohuwar da ke da kamfani ba ta sani ba, ko layin waya, ko asusu, ko bashi. Masu aron sunan ba ɓarayin dare ba ne, 'ya'ya ne masu zuwa gaisuwa da ledar lemo. Sun san wadda za ta yi ƙara da wadda za ta haɗiye, kuma mai haɗiyewar suke nema. Mu kuma da muke gefe muna yaba mata haƙuri, don yabon ya fi sauƙi a kan mu tsaya mu kira abin da sunansa.

Hannun Inna ya kai inda ba ya iya riƙe taɓarya. Makon jiya na haɗu da ita a wurin Hadi da ƙwaryar masara, ta ƙulle kuɗin niƙa a bakin zani. Hadi ya yi wa injin fenti, amma tun daga nesa ta san muryarsa. Tana tsaye a layi sai na ga ta karkata kai tana saurare, can ta matsa kusa ta ce wa Hadi ya ɗan sassauta masa, ya yi zafi, yana son ruwa. Hadi ya ce, ba da wulaƙanci ba, Inna koma layi kar a shige gabanki. Ta koma. Da aka zo kanta ta kwance bakin zani ta biya.

Kashi na biyu da kaka za a karɓa. Haladu yana Nijar, waya ba ta cika shiga ba. Jiya da na leƙa ta katanga, na ga Khuzaima ya shigo da wani dillali har bayan ɗakin Inna, mutumin ya durƙusa yana tattaɓa cinyar awakinta. Ita kuwa tana zaune a bakin ƙofa, ta ce wa jikarta ta kawo wa baƙo ruwa.